Zaman Gaɓa

A walimar auren 'yar'uwarku Zainabu, bayan an kwashe tirorin shinkafa, Ammunku Salihu, yayana, ya sake faɗin maganar da ya saba faɗa, wannan karon a gaban surukai: wai ni na fitar da kakanku daga Madina saboda wasan kifi, ya je ya mutu a kan hanya. Na ga yadda kuka sunkuyar da kai. Kun san ban taɓa iya magana cikin taro ba. Inna ce ta roƙe ni in yi shiru da wannan zance muddin tana raye, na kuwa yi. Yanzu ta koma ga Ubangijinta, alkawarin ya sauka daga wuyana. Da Hausa nake rubutawa, ko da yake na san da Larabci za ku amsa mini. Baba da Hausa ya yi maganarsa, in na juya ta ba za ta zama tasa ba. Inda kuka kakare ku tambayi uwarku.

Kakanku, Malam Idi, masunci ne kafin ya zama mai ban-ruwan dabino. Bakabe ne, amma a bakin Tafkin Cadi ya tashi, tsakanin kwale-kwale da taru. Ya taho hajji da ƙafa yana saurayi, ya daɗe a Sudan yana neman guzuri, ya haye teku, da ya ga Madina ya ce shi ya iso. Ya sami aiki a wata gonar dabino wajen Ƙuba, ya auri Inna, ya sami takardar ƙasa tun lokacin da samunta bai yi wuya ba, ya gina ɗakunan nan na unguwar Ranuna inda aka haife mu. Buri ɗaya gare shi, kuma duk unguwa ta san shi: ya mutu a cikin Madina. Ba wai a kawo gawarsa a binne ba, a'a, ransa ya fita a ciki, saboda falalar da malamai ke faɗa. Tun da na yi wayo ban ga ya wuce iyakar gari ba. Aka yi bikin ɗan amininsa a Jidda bai je ba. Ko umra aka yi masa tayi, sai ya ce ya riga ya ɗebi rabonsa.

"Na baro ƙasashe a bayana don in kwanta a nan," in ji shi. "Ba zan fita yawo ba Mala'ikan mutuwa ya zo ya tarar ba na gida."

Ni yaro ne mai shiru, littafi ne abokina. Yaya Salihu shi ne mai baki da jama'a, tun yana matashi ya buɗe shagon dabino kusa da Harami. Abin da ya haɗa ni da Baba ƙugiya ce. Bayan la'asar yakan zauna tsakar gida da wani tsohon gwangwanin madara cike da ƙugiyoyi, yana ɗaura su a zare yana kwancewa, a garin da babu ko kududdufi. Ni kaɗai na matsa kusa na koya. In na ɗaura sai ya kama da haƙori ya ja. In ya kwance, ya miƙo mini in sake. Ranar da ya ja ya ja bai kwance ba, ya jefa ta cikin gwangwaninsa tare da nasa. Yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Ina jami'a, ina karatun ilimin halittu, aka kai mu bakin Bahar Maliya, can bayan Badar, don mu ga halittun ruwa. Wani malaminmu ya gan ni ina gyara wa wani mai fatsa ɗaurinsa, ya tsaya ya duba, daga nan ya haɗa ni da wata ƙungiya ta masu kamun kifi da sanda daga cikin jirgi. Na shiga abin yadda nake shiga komai, ta littafi. Na karanta inda najil, jan kifin nan, ke laɓewa a gindin duwatsun murjani, da irin koton da yake so, da yadda ruwa ke sauyawa da wata. Ranar da na gaya wa Baba zan shiga jirgi karon farko, ya ajiye ƙugiyar da ke hannunsa.

"Wa zai zauna maka gaɓa?"

Na ce ban gane ba.

"A wurinmu mutum ba ya shiga ruwa sai da wani na jininsa zaune a gaɓa. Ba ya tashi, ba ya juya wa ruwa baya, sai ya ga ƙafar nasa a kan ƙasa."

Yaya Salihu yana gefe yana shan shayi, ya yi dariya. "Baba, jiragen nan fa da inji da rediyo. Wannan ai camfi ne."

"Ba camfi ba ne, ido ne," in ji Baba. "Ranar da na bar gaɓa na tafi kasuwa, ranar ce Garba bai dawo ba. Ba wanda ya lura sai da gari ya waye."

Garba ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar muka fara jin sunansa, kuma Baba bai sake ambatonsa ba.

Da yake shi ba ya fita gari, sai ya ɗora wa Yaya Salihu zaman. Zan ba shi haƙƙinsa: ya zauna. Duk Alhamis ɗin da zan shiga ruwa ya bar wa abokinsa shago, ya tuƙa ni har bakin teku, ya zauna da tamos ɗin shayi har in fito. Amma bai taɓa zama da daɗin rai ba. Hanyar dawowa gaba ɗaya gori ce. "Ga daktan kifi," yakan ce. "Sarkin ruwan Madina, garin da ko kwaɗo babu." Ni kuwa in kalli taga.

A shekarar da nake magana a kanta aka shirya gasar ƙasashe ta kamun kifi daga jirgi, kuma a gaɓarmu za a yi. Aka yi gwaji, aka zaɓe ni cikin muntahab, wato waɗanda za su wakilci ƙasa. Ni ne ƙarami, ni kaɗai ne ba ni da jirgin kaina. Sauran manyan mutane ne, suna kirana Takaruni cikin wasa, sunan da ake wa mutanenmu na Afirka ta Yamma, suna miƙo mini zarensu in ɗaura musu. Mudir ɗinmu, shugaban tawagar, yana sona irin son da mutum ke yi wa wuƙarsa mai kaifi. Aka ba ni riga mai tutar ƙasa a kafaɗa. Na kawo ta gida, Baba ya shafa tutar da yatsa, ya daɗe yana shafawa.

Muna cin abinci na faɗi ranakun gasar, na ce kwanaki ne a jere, kuma za a shiga can cikin teku mai zurfi. Yaya Salihu ya tsame hannu daga kwano.

"Ni dai na gama gadin teku. Baƙi sun cika gari, ba zan bar shago ba saboda wasu masu hali suna kama kifi suna mayar da shi ruwa."

Baba ya dube ni. "Mayarwa kuke yi?"

"Ana aunawa ne a sake shi, Baba. Haka dokar gasar take."

Ya girgiza kai yana murmushi, kamar wanda aka ba labarin mahaukata. Sannan ya juya ga Yaya.

"To, in kai ba ka zuwa, ni zan je."

Inna ta ajiye ludayi. "Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani."

Na ce, "Baba, na fasa. Akwai wanda aka ajiye don irin haka, ya shiga a madadina. Ko kuwa Malam Abakar ya zauna mini." Malam Abakar maƙwabcinmu ne, Bahaushen Sudan, direban tasi, aminin Baba.

"Abakar maƙwabci ne, ba jini ba. Fasawa kuwa babu. Na tsufa a garin nan ana tambayata daga ina nake. Yau an sa wa ɗana tuta a kafaɗa, ya ce zai cire saboda ni? Za ka shiga. Zan zauna."

Wannan ita ce maganar da Ammunku ba ya faɗa muku. Ba ya kuma faɗa muku cewa washegari na same shi a shago, ni da ba na iya roƙon kowa, na tsaya tsakanin kwalayen dabinon ajwa na roƙe shi don Allah ya zo. Bai ko daina auna wa wata mata dabino ba.

"Gwada ni yake yi," ya ce. "Mutumin da ko Makka ba ya zuwa? Ka bari ka gani, da kansa zai fasa."

Bai fasa ba. Ranar tafiya Yaya ya wuce shago daga masallaci bai biyo ta gida ba. Baba ya sa farar riga, Inna ta cika masa tamos tana kuka ba sauti, Malam Abakar ya sa wata kujerar ƙarfe mai naɗewa a bayan mota. Da muka kai inda alamun iyakar Harami suke, Baba ya ce a rage gudu. Ya waiwaya ya kalli gari, leɓunansa suna motsi. Sannan ya gyara zama ya ce, "Mu je, Abakar."

Yadda ake gasar shi ne, da safe a jefa ƙuri'a a rarraba mutane cikin jirage, kowane jirgi 'yan ƙasashe daban-daban, da alƙali guda mai auna kifi yana ba da maki. Kafin a shiga ana karɓe wayar kowa, don kada 'yan ƙasa ɗaya su riƙa gaya wa juna inda kifi yake. Rediyon matuƙi kaɗai ke haɗa jirgi da tudu, kuma sai da izinin shugaban tawaga ake kiran ɗan wasa. Wanda ya sauka kafin lokaci, makinsa na ranar ya ƙone. Jirage ba sa dawowa sai la'asar.

Ranar farko lafiya lau. Baba ya kafa kujerarsa a inuwar wani bango, tsakanin tutoci da Turawa masu ɗaukar hoto, ya fuskanci ruwa. Ya ce tekun ya ƙara girma tun rabonsa da shi. Da na fito da la'asar bai tambaye ni maki ba. Ya fara kallon ƙafata a kan ƙasa, sannan ya kama hannuna biyu ya kai hanci, ya shaƙi ƙarnin kifi, ya lumshe ido. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko a Masallaci.

Rana ta biyu ƙuri'a ta haɗa ni da wani ɗan Italiya da wani ɗan Masar da wasu. Ban taɓa kamu irin na ranar ba. Ruwa ya kwanta, koto na sauka ana cafkewa. Wajen azahar wani najil ya ja ni har sai da na durƙusa, ya nemi shigewa ƙarƙashin dutse, na hana shi, na fito da shi ja wur, alƙali ya auna yana jinjina kai, ɗan Italiyan ya daki kafaɗata. Ina ta tsara yadda zan ba Baba labari. Ina wannan murna, ga abin da ke faruwa a tudu. Malam Abakar ne ya gaya mini, ya rantse a kai, kuma har ya mutu bai sauya ko kalma ba.

Da hantsi Baba ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. Likitan da ke tare da is'af, motar ɗaukar marasa lafiya, ya duba shi ya ce zuciya ce, a tafi asibiti yanzu. Baba ya ƙi tashi. Malam Abakar ya durƙusa gabansa.

"Malam Idi, tashi in kai ka Madina. Motar nan ko ƙafa ɗaya ta rage mata sai ta kai ka kafin la'asar. Abin da ka yi shekaru kana tsaro fa."

"Na sani, Abakar. Yarona na kan ruwa."

Malam Abakar ya ruga wurin mudir, ya ce uban yaron nan ba lafiya, a kira jirgin. Mudir ya ce in na sauka yanzu makina ya ƙone, ƙasa gaba ɗaya ta faɗo ƙasa, ga is'af nan a kai tsohon asibiti mana.

"Ba zai tashi ba sai ya ga ɗansa."

"To ya jira la'asar," in ji mudir. "Sa'o'i kaɗan ne."

Da ya dawo, Baba ya ce masa, "Kira Salihu. Ya zo ya karɓe ni, sai in tafi." Ya kira. Ku lura da wannan wurin, 'ya'yana. Da Ammunku ya tashi a lokacin, da ya iso wajen azahar ya zauna a kujerar, da Baba ya shiga Madina rana ba ta faɗi ba, da ransa. Abin da Yaya ya ce a waya shi ne, dabara ce ta tsofaffi don a tilasta masa, in kuwa da gaske ne a ɗauke shi da ƙarfi a sa a mota. Wa zai ɗauki Malam Idi da ƙarfi? Malam Abakar ya sake komawa wurin mudir bayan azahar, wannan karon ko isa gabansa ba a bar shi ya yi ba.

Na hau tudu ina dariya. Mudir ya tare ni ya rungume ni ya ce na ɗaga kan ƙasa yau. Ta saman kafaɗarsa na hango Baba ya zame a kujera, Malam Abakar yana tallabe da shi, fuskarsa ta koma kalar toka. Na ture mutumin na ruga. Baba bai kalli fuskata ba, ƙafata ya kalla.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu mu tafi."

Likitan ya ce asibitin garin ya fi kusa, kuma can kaɗai is'af za ta iya kai shi. Baba ya ce Madina. Likitan ya dube ni, ya ce ni ne ɗansa, in yanke. Na dubi Baba, ya sake cewa Madina. Na ɗauke shi na sa a motar Malam Abakar. Wannan shawarar tawa ce, ban ɓoye ta ba, kuma ko yau aka mayar da ni wurin ita zan sake yankewa. Mutumin ya riga ya ba da yininsa gaba ɗaya saboda ni. Ba zan hana shi sauran ba.

Kansa yana kan cinyata, rigata mai tuta tana ƙarnin kifi. Malam Abakar bai taɓa gudu irin na ranar ba. Muka wuce Badar da gonakin dabinonta, muka shiga cikin duwatsu, rana tana bayanmu tana ja. Ina jiran ya tambaye ni ko mun kusa, ina ta neman amsar da zan ba shi wadda ba ƙarya ba. Bai tambaya ba. Ya buɗe ido ya ce,

"Me ka kama?"

"Najil, Baba. Babba."

"Ka mayar?"

"Na mayar."

Ƙirjinsa ya motsa, dariya ce. "Ɗaurin bai kwance ba?"

"Bai kwance ba."

Sannan ya yi kalmar shahada, na taya shi. Hannunsa ya saki nawa. Ba mu kai iyaka ba, ko fitilun gari ba mu fara hangowa ba. Na ce, "Malam Abakar, ya tafi." Ya ji ni sarai, amma bai rage gudu ba. Hawaye na bin gemunsa, yana taka mota, har sai da muka wuce alamun Harami sannan ya tsaya a gefen hanya ya kifa kai a kan sitiyari.

An yi masa salla a Masallacin Annabi, aka kai shi Baƙi'a. Muna fitowa daga maƙabarta wani dattijo ya ce alhamdu lillahi, ya dai kwanta inda yake so. Yaya Salihu ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji,

"Gawa suka shigo da ita. Baba a jeji ya mutu, saboda kifi."

Na dube shi, ya dube ni. Ya san na sani. Tun daga ranar yake faɗin maganar, ina ganin don kada ya ji wata maganar da ke cikin kansa.

Mudir ya zo ta'aziyya da 'yan tawaga. Wanda aka ajiye ne ya shiga a madadina ranar ƙarshe, ƙasarmu ta sami matsayi mai kyau, an buga hotonsu a jarida. Ya zauna ya sha gahawa, ya ciro lambar yabo a ɗan akwati ya ajiye a gabana kan darduma. Ya ce makina na rana ta biyu shi ya cece su, kuma bai kira jirgin ba ne don ba ya son ya tayar mini da hankali ina tsakiyar aiki. Ina da maganganu cike da baki, na tsara su tun a mota. Na ce masa, "Allah ya saka." Abin da ya iya fitowa ke nan. Kunyar nan tawa da mutane ke yabo, ban taɓa tsanarta ba kamar ranar. Lambar kuwa ban san inda take ba, ina jin Inna ta ba yaran maƙwabta.

Bayan an watse Inna ta kira ni ɗaki. Malam Abakar ya riga ya gaya mata zancen wayar.

"Na rasa miji," ta ce. "Kada ka sa in rasa ɗa. In mutane suka ji abin da Salihu ya yi, ba zai iya zama unguwar nan ba. Kai ka iya shiru, shi bai iya ba. Ka ɗauka."

Na ɗauka. An nuna ni da baki a masallacin unguwa, an fasa ba ni mata a wani gida a unguwar Juruf saboda wannan labarin, kafin Allah ya haɗa ni da uwarku. Na gama karatu, na koyar da ilimin halittu har na yi ritaya, ina zana wa yara kifi a allo. Ruwa kuwa ban sake shiga ba. Ƙungiyar ta aiko har ta gaji. Ba fushi ne kaɗai ya hana ni ba. Ba ni da mai zama mini gaɓa.

Yanzu ga autanku Idrisu, mai sunan Baba, ya samo gwangwanin ƙugiyoyin nan a sito, ya koyi ɗauri a hannuna, abokansa sun ja shi teku. Ranar Alhamis zai shiga jirgi karon farko. Na tambaya a kan abinci wa zai zauna masa gaɓa, kuka dubi juna kuka yi murmushi, babbanku ya ce da Larabci jiragen yanzu ana ganinsu a waya. Kowa da aikinsa, na gane. Kun kuma san abin da likita ya ce game da zuciyata, kun san ni ma tun rasuwar Inna ban wuce iyakar gari ba, kuma abin da Baba ya so shi nake so.

Kujerar ƙarfen tana bayan ƙofar sito, na sa mata mai jiya, tana buɗewa. Ranar Alhamis bayan asuba a sa mini ita a mota. In na dawo, to. In ban dawo ba, kada in ji wani cikinku, ko a lahira, ya ce Idrisu ne ya fitar da ni.